Baitin da Inna Ta Ce a Cire

Yayana ne ya jawo maganar, kuma bakinsa cike da waina ya jawo ta. Washegarin ƙaramar Sallah ce, mun taru a gidanmu na Nassarawa GRA, a barandar baya inda inuwar mangwaro take kaiwa har ƙofar kicin. Ba a daɗe da cika shekara da rasuwar kakarmu ta wajen uwa ba, wadda babba da yaro muke kira Inna. Ana ta hirarta, ana dariyar yadda take ɓoye goro a cikin matashin kai sannan ta tashi gidan da cigiya, sai Umma ta ce, ba tare da ta ɗago daga kwanonta ba:

"Ni dai har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba."

Babu wanda ya yi mamaki. Umma 'yar fari ce, matan zamanin su Inna kuwa kunyar ɗan fari suke ji kamar ta suruki. Ana yaye ta aka kai ta wurin gwaggonta a Ringim, can ta girma, daga can aka kawo ta gidan Abba. In Inna za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta yi zancenta sai ta ce "waccan" ko "uwar yaran nan". Umma ma abin da ta gada ke nan. Har gobe Yaya, wanda shi ne nata na farin, "wannan" ne a bakinta, ga shi gemunsa har ya fara furfura.

Yaya ya haɗiye wainar ya ce, "Ta kira mana. A waƙa ta kira. Ni na cire."

Sai da kowa ya juyo ya kalle shi kafin ya gane abin da ya faɗa. Dole ya ba da labarin, yana yi yana sosa ƙeya.

A shekarar da soja suka miƙa mulki, Yaya bai san komai a duniya ba sai kiɗa. Ya mai da ɗakin boskwata situdiyo, ya manna kwalin ƙwai a bango, ya ajiye kwamfuta da fiyano da makirufo guda mai tsatsa. A lokacin aka kawo Inna Kano don a yi mata aikin ido, ta zauna da mu wata da watanni. Shi da ita kuwa wasan jika da kaka ne ba dare ba rana, yana ce mata amaryarsa, tana ce masa mijin da ba ya cefane. Da wannan wasan ya lallaɓa ta ya zaunar a gaban makirufo, ta rera masa waƙoƙin niƙa da na daɓe da na raino, shi kuma ya bi su da fiyano da gangar na'ura ya fitar a kaset. Kaset ɗin nan mun sha shi har ya tsinke. Abin da ba mu sani ba shi ne a ƙarshen waƙar rainon akwai wani baiti da Inna ta ƙirƙira wa jaririyarta ta fari, wanda take rera mata a ɓoye in mutanen gida sun fita. Daɗin waƙa ya ɗebe ta, ta rera shi har da sunan. Tana gamawa ta rufe baki da mayafi ta ce ya cire, ina za ta sa idonta in waccan ta ji. Yaya ya cire.

"Ka goge?" na tambaye shi.

"Manhajar da na yi aikin da ita ba ta gogewa. Ture shi kawai na yi gefe. In kwamfutar tana nan, yana nan."

Umma ta ce, "To tunda ta ce a cire ai shi ke nan." Ta ɗauki filas ta ƙara wa Abba shayi a kofin da ko kurɓa bai yi ba, har ya malalo a faranti.

Ni kuwa a nan hankalina ya koma boskwata. Kwamfuta na karanta, kuma a sashen kwamfuta na wani ofis nake aiki, amma a gidanmu amfanin digirina bai wuce gyaran rimot da saka wa Abba lambobi a waya ba. Ga aikin da ya dace da ni ya faɗo daga sama. Tun kafin a kwashe kwanuka na je na karɓi makullin boskwata.

Kwamfutar tana ƙarƙashin tsohuwar katifa da keken ɗinkin da ba shi da ƙafa. Ɓeraye sun yi gida a cikinta, sun haihu, sun aurar. Ban ko gwada kunna ta ba. Na kwance ta na ciro rumbun ajiyarta, wani ƙarfe mai nauyi kamar gwangwanin kifi, na sayo wayar da za ta haɗa shi da laftof ɗina a kasuwar 'yan kwamfuta. Da na jona, ya yi ƙas-ƙas kamar tsoho zai tashi daga tabarma, sannan ya fara juyawa. Na kwafe duk abin da ke cikinsa ina addu'a, hannuna ɗaya a kansa kamar mai jinya.

A nan murnata ta fara cin karo. Waƙoƙin ba a dunƙule suke ba. Tsohuwar manhajar ta daddatsa muryar Inna gunduwa-gunduwa, ta ba kowace gunduwa lamba maimakon suna, kuma ta ajiye su da wani yare da ita kaɗai take ji. Na buɗe ɗaya da abin sauraron waƙa na zamani, sai ƙarar suya. Ba wanda zai iya harhaɗa su sai manhajar da ta yanka su. Ita kuma ba ta san wani tsari ba sai na kwamfutocin zamaninta, laftof ɗina ko kallonta ba zai yi ba.

Maganin wannan a sana'armu shi ne abin da muke kira bacuwal mashin. Za ka gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, taga ce kawai a kan allo, amma a cikinta ka saka tsohon tsari, ka sa tsohuwar manhaja ta ɗauka tana gidansu. Da Umma ta leƙo ta tambayi me nake ta ƙwaƙula, na ce mata kamar a sa wa kaza ƙwan zabo ne ta kwanta a kai.

"To Allah ya sa kada ya yi bara-gurbi," ta ce, ta ajiye min kofin zoɓo. "Ni dai ban sa ki ba."

Wannan "ban sa ki ba" na sha ta a 'yan makonnin nan fiye da yadda na sha zoɓon. Duk Asabar da Lahadi in na zo gida na baje a teburin cin abinci, Umma, wadda ba ta taɓa damuwa da ko na ci ko ban ci ba tunda na yi aure, sai ta dinga sintiri. Yanzu gyaɗa, an jima yankakken mangwaro, an jima ta zo neman wuƙar da ke hannunta. Kowane zuwa sai ta saci kallon allon, ta taɓe baki, ta wuce.

Sai matsalar faifan manhajar. Na kira Yaya a waya na tambaye shi inda ya ajiye shi, ya yi gyaran murya irin ta masu wa'azi. Bayan Shari'a ta zo Kano da 'yan shekaru Yaya ya bar kiɗa baki ɗaya, ya ɗage wando, ya koma sayar da yadi a kasuwar Kwari. Ranar da ya yanke shawara sai da ya kakkarya faya-fayansa a bayan boskwata ya zuba a shara, muna leƙe ta taga muna jin tsoron yi masa magana. Fiyanon ne kawai ya tsira, don ba nasa ba ne. Na maƙwabcinmu ne na bayan katanga, wani dattijo mutumin Wusasa, malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda yake kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Shi ya koya wa Yaya fiyano tun yana sakandare, kuma a wurinsa Yaya ya kwafi manhajar.

Na zagaya na same shi a lambunsa. Ga abin da na fara gani: bishiyar gwaibarsa gaba ɗaya rataye take da faya-fayai, suna juyawa suna ƙyalli a rana. Korar tsuntsaye yake yi da su.

"Baba, kada dai ka ce min har da na kiɗan ka rataye."

"Wanne, 'yata? Na ustazu?" Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Zo mu duba gwangwani. Waɗanda layi bai zo kansu ba suna ciki."

A gwangwanin biskit muka same shi, can ƙasa, duk ya sha ƙarzuwa. Na rungume shi a ƙirji na yi wani tsalle da bai dace da matar aure mai 'ya'ya biyu ba. Dattijon ya ce in gaya wa ustazu fiyano yana nan yana gaishe shi. A gida na goge faifan da makilin da tsumma mai laushi, Abba yana kallona ta saman tabarau yana cewa dama abin da aka koya mana a jami'ar ke nan.

Manhajar ta shiga. Na danna ta, ta buɗe ido, ta dubi kwanan wata, ta ce wa'adinta ya ƙare tun tuni, ta rufe. Kwafin gwaji ne ashe, shi ya sa Yaya bai taɓa gyara agogon tsohuwar kwamfutarsa ba. Na shiga kwamfutar ƙaryar na mai da agogonta baya, can shekarar da aka yi rikodin ɗin. Manhajar ta yarda, ta buɗe, na fara rawa a kan kujera, sai kawai ta sake rufewa. Agogon ya dawo yau. Na mayar, ya dawo. Na mayar, ya dawo. Kwamfutar ƙaryar ce take leƙa agogon laftof ɗin tana gyara nata, wai ita mai gaskiya. Ranar sai da na zage ta da zagin da ban san na iya ba. Da ƙyar na gano inda ake raba su, na toshe mata hanyar leƙen, ta haƙura ta zauna a zamanin da na ajiye ta.

Na ce wa Abba, "A cikin tagar nan fa har yanzu ba a rantsar da farar hula ba."

Ya ninke jarida ya ce, "To ki yi magana a hankali."

Daga nan ta ce ba ta ga katin sauti ba. Na ba ta na zamani, ta ce ba ta san shi ba. Na bi jerin katunan ƙaryar da ake iya ba ta ina gwadawa, kamar mai yi wa yaro mai ƙyuya tayin abinci, har na dace da wani tsoho da ta gane. Sai ta ɓullo da wata: ina fayil kaza? Na nuna mata. Ina fayil kaza? Na nuna mata. Da na ga tambayar ba ta da niyyar ƙarewa na tsaya na karanta abin da take nema da kyau. Ashe Yaya ya raba rumbunsa gida biyu, sautin yana ɓangaren da ake kira D, ita kuma ba za ta karɓe shi daga ko'ina ba sai daga can. Na gina mata rumbun ƙarya na biyu, na laƙaba masa D, na kwashe Inna na zuba a ciki. Tambayoyin suka ɗauke. Allon ya cika da layuka masu launi, kore a sama, shuɗi a ƙasa, kamar an shanya atamfofi.

Wata Lahadi da hantsi ce. Ni kaɗai ce a falon, Umma tana kicin. Na zaɓi waƙar niƙa, don ba na so in taɓa ta rainon tukuna, na yi bismillah na danna.

Inna ta fito da gudu. Muryarta ta koma siririya, tana zuba kamar an ɗaure wa kanari makirufo, waƙar da take ja a hankali tana nishi ta ƙare kafin in rufe baki. Na fashe da dariya har na faɗo daga kujera. Umma ta shigo da ludayi a hannu.

"Wace 'yar aljanar ce wannan?"

"Inna ce."

"Ke, ki ji tsoron Allah."

Na sake kunnawa. Umma ta saurara, ta gane kalmomin, sai ta dafe bango. Ban taɓa ganin tana dariya irin ta ranar ba, har ɗankwalinta ya zame. Na yi karambanin rage saurin, na zarce, Inna ta koma namiji, wani ƙaton limamin ƙauye mai mura yana waƙar niƙa. Abba ya fito daga ɗaki yana tambayar wa ya zo. Ina dariya hawaye yana zuba, kuma a tsakiyar dariyar na gane ba duka ne na dariya ba, don wannan ne karo na farko da muryarta ta sake shiga gidan tun da aka fita da ita. Na yi kewarta ƙwarai a wannan lokacin, kewar da ban ma yi ba ranar rasuwar.

Umma ta goge ido da bakin zani ta ce, "Kin mai da min uwa abin wasa. Ki kira wannan ya zo ya gyara abin da ya ɓata."

Asabar ɗin da ta biyo baya Yaya ya zo bayan azahar. Bai shigo falon ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba allon baya, ya harɗe hannu.

"Ni fa ba zan saurari kiɗa ba."

"Babu kiɗa, Yaya. Kiɗanka ba sauti aka ajiye ba, umarni ne kawai da kwamfuta take aika wa fiyano. Tunda babu fiyanon, layukanka duk bebaye ne. Murya ce kaɗai take fita."

Na zaci zai ce alhamdulillahi. Sai na ji ya ce, a hankali, "Ko 'yar gangar ma ba ta fita?"

Na danne dariyata da ƙyar na kunna masa kanarin. Kafaɗunsa suka fara rawa. Bai juyo ba ya ce rumbun nasa ƙarami ne a lokacin, don haka ya ɗauki muryar a rabin ƙa'ida saboda kada ta cinye wuri, ni kuma katin ƙaryata yana karanta ta a cikakkiyar ƙa'ida, dole ta ninka gudu. Ya ce in shiga wuri kaza in sauya. Na shiga, ban gani ba. Ya ce ba nan ba, na kusa da shi. Na ce babu. Ya ce ke wai me kika karanta ne. Na ce abin da ya fi yadi. Kafin in ankara ya ture ni da kujerar gaba ɗaya ya durƙusa a gaban laftof ɗin.

Ban manta hannayensa ba. Mutumin da ya shekara goma da wani abu yana auna shadda, yatsunsa suka hau kibod ba tare da ya kalla ba. Maus ko taɓa shi bai yi ba. Taga ta buɗe, taga ta rufe, layuka suka matse suka buɗe, yana yi yana ɗan lilo da kai kamar yadda yake yi a boskwata da. Da sautin ya fara sarƙewa yana in-ina, ni na karɓa, don wannan laifin kwamfutar ƙaryar ne ba na manhajarsa ba. Na rufe duk abin da ke aiki a laftof ɗin, na ƙara wa sautin wurin jira don kada ya dinga tuntuɓe. Shi ya san tsohuwar, ni na san sabuwar, muna ta ture hannun juna muna faɗa kamar muna firamare.

Sannan ya danna, Inna ta fito daidai. Muryarta ce sak, da 'yar shaƙewar nan ta masu cin goro, ba fiyano, ba ganga, ba komai a bayanta sai kukan kurciya daga mangwaron gidanmu na wancan lokacin. A wuraren da kiɗa yake rufewa a kaset, yanzu ana jin tana numfashi, tana gyara zama, awarwaronta yana ƙara. A wani wurin ta ce, "Kai miji, wannan abin naka yana ji kuwa?" Wani saurayi ya yi dariya a kusa da ita. Yaya ya sa hannu ya shafi gemunsa, kamar yana so ya tabbatar yana nan.

Na ce ya buɗe ta rainon. Ya buɗe, ya ja allon zuwa dama, ya wuce inda waƙar ta ƙare, ya ci gaba da ja cikin fili fari. Can sai ga wata 'yar gunduwa ita kaɗai, toka-toka, alamar an kashe mata murya. Na ƙanƙame hannunsa.

Na so in fitar da ita daga tagar tukuna in ajiye a waya, don in tabbatar ba za ta ɓace ba. Manhajar ta ƙi. Duk lokacin da na ce ta fitar, sai ta daskare, sai na tashi kwamfutar ƙaryar daga farko. Muka gwada har muka gaji. A cikin tagar kaɗai za ta yi magana, duk mai son ji sai dai ya zo gabanta ya zauna.

"To mu ji mana," na ce.

Yaya ya janye hannunsa daga kibod. "Ba namu ba ne. Kuma amana ce. Cewa ta yi in cire."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce masa makonni nawa ina fama, na sha makilin, na sha ƙurar ɓeraye, sai yanzu zai tuna da amana, shi da ya fasa ƙwan a gaban kowa da waina a baki. Ya ce wannan kuskure ne, kuma kuskure ba ya halatta na biyu. Na ce Inna kunyar haɗa ido take ji, yanzu wane ido ya rage. Ya ce ba ni ce zan tsaya a gaban Allah da alƙawarin ba. Muna cikin haka, murya ƙasa-ƙasa wai don kada a ji mu, sai muka ga inuwa a kan allon.

Umma ce. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta yi wanka, ta saka atamfar da take zuwa biki da ita, har da turare, da la'asar ɗin Asabar, a cikin gidanta.

"Kofunana na zo ɗauka," ta ce.

Babu kofi ko ɗaya a teburin. Ta ja kujera ta zauna a gefenmu, ta ɗora hannuwa a cinya, ta kafa wa bango ido.

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ta ce kada ki ji."

"Na ji ka tun washegarin Sallah." Har yanzu bangon take kallo. "Uwata ce ko taka? In akwai laifi, ni da ita ne. Mun saba."

Yaya ya daɗe yana kallon 'yar gunduwar. Sannan ya taɓa ta, ta tashi daga toka ta koma kore. Na roƙi kowa kada ya motsa teburin, don wayar rumbun ƙaryar ba ta son girgiza, alhali ƙarya nake, babu wata waya, abin faɗa kawai nake nema. Abba ya zo ya tsaya a ƙofa da jaridarsa. Yaya ya danna.

Aka ji Inna ta ja numfashi. Da ta fara, ba da muryar sauran waƙoƙin ta fara ba, ta sassauta ta sosai, irin ta mai gudun kada na tsakar gida su ji.

"Sun tafi rijiya, sun bar mu mu biyu,
Kawo fuskar in kalla kafin su dawo,
In sun dawo ni ban san ki ba,
Yanzu kuwa tawa ce ke, tawa ni kaɗai."

Ta ɗan tsaya. Kurciyar ta yi kuka. Sannan ta kira sunan, ba a cikin waƙa ba, kira sosai, ta ja ƙarshensa yadda ake ja in ana kiran yarinya daga wani ɗaki. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba, ba a haife ni da wannan ƙarfin halin ba.

"Na'am, Inna," in ji Umma, da sauri, har ta fara miƙewa daga kujerar.